Motar da Gora Ya Zaɓa

"...Lahiya lau, Ango. Ya gwiwa?"

"Gwiwa ta hi ki amana, Amarya. Ita kullum muna tare. Ke kuwa ba a ganin ki sai buƙata ta koro ki."

"To yau ma ita tak koro ni. Tashi ka sa babbar riga, mota za mu saye."

"Mu? Ashe kin tuna kina da miji."

"Na tuna. An ce a taho da tsohon kaya a gwada ko mota na da haƙuri."

Wanda ake ce wa Ango mahaifina ne, Malam Tamba, tsohon masunci daga Argungu, haƙoran bakinsa saura na rantsuwa. Amaryar kuma jikarsa ce, Mubina, 'yar ƙanena, malamar asibiti. Tun ranar sunanta ya ce ya yi mata, ya kuma yi alkawarin sadaki giwan ruwa guda, irin wanda sai ƙarti biyu ke ɗauka. Har ta yi wayo, ta yi karatu, ta kama aiki, ko ƙayar kifin ba ta gani ba.

Ni kuwa sunana Dikko, ni ne ɗan fari. Saboda haka tsohon ba ya kama sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye in dai da hanyar kaucewa. A gidana yake zaune a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, tun rasuwar mahaifiyarmu, amma in yana son ruwan alwala bango yake gaya wa, ni kuma in ji in kawo. A bakinsa sunana "wancan".

Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, motocin Kwatano suna ta shigowa ta Kamba, ƙananan jif sun fara bayyana a gari. An mayar da Mubina wani asibitin ƙauye can bayan Argungu, cikin fadama, inda da damina mota mai ja da ciki ba ta shiga. Ta kwashi adashinta, ta sayar da shanunta da ake yi mata kiwo a Ambursa, ta ce jif za ta saya, ƙarama, daidai ƙarfinta. Ni aka ɗauko a matsayin wanda ya san mota, don na taɓa riƙe ma'ajiyar kayan gyara a wurin aikinmu.

"Ba ni zuwa ko'ina sai da gorana," in ji tsoho.

"Hilin mota za mu, Ango, ba gulbi ba."

"Ke kin san mota, ni na san awo. Duk motad da gorana bai shiga ba gwangwanin madara ta."

"A wace makaranta anka koya maka wanga?"

"Makarantad da anka kore ki don ƙaramin kai."

Goran da yake magana goransa ne na su, wanda yake kwantawa a kai cikin ruwa yana jefa kifi ta bakinsa. Ƙato ne, hannuwana biyu ba sa zagaye shi, ya yi baƙi ya yi santsi, da wani tsohon ɗinkin gyartai a gefe guda. A bayan motar shinkafa suka zo Birnin Kebbi tare, tsoho na rungume da shi, tun daga nan kuwa babu wanda ya sake ganin Argungu a cikinsu. 'Yan tasha sun ce sai dai a ɗaure goran a saman mota, shi kuma ya ce haka aka fasa ɗan'uwan goran. Gwiwa ta daina hawa babbar mota, ni kuma babur gare ni. Na sha aika masa cewa zan kai shi ya ga gida ba tare da gora ba, sai ya gaya wa bango cewa shi ba ya marmarin ko'ina. Da wautata na yarda.

Haka aka yi tafiyar. Ango da Amarya a taksi, ni a ƙasa da gora a ka, ma'aikacin gwamnati guda, mutane suna yi mini sannu da su.

Filin motocin na Obumneme ne, a bakin titi. Ibo ne, amma a Birnin Kebbi ya yi wayo, Kabancin bakinsa ya fi nawa nauyi. Da ya hango ni sai ya dafe ciki.

"Baba, sannunku da zuwa. Kihi za a saye ko mota?"

"Amarya tam matsa sai na sai mata mota," in ji tsoho. "Ka san matan yanzu."

"Kai za ka sai mini?" in ji Mubina. "Kai da ka kan yi cinikin goro ɗaya har mai goro shi yi kuka?"

"Ke kuɗɗi kik kawo, ni albarka nik kawo. Tambayi Ibo wadda ta hi wuyar samu."

"Ni dai ba ni karɓar albarka a madadin kuɗɗi, Baba," in ji Obumneme. "Amma in an haɗa mini biyun ba ni ƙi."

Mubina ba ta tsaya duba komai ba, ta wuce kai tsaye wurin wata ja. Ashe ta daɗe tana zuwa gaishe ta. Gajera ce mai ƙofa biyu, tana ta ƙyalli, kujerunta ko datti babu. Yarinyar ta shafa ta, fuskarta ta yi wani irin haske da rabon da in gani tun tana ƙarama.

"Ga ta nan, Ango. Gaishe ta."

Tsoho ya zagaya ta da sanda, ya leƙa baya, ya dawo gaba.

"Ina sauran ta?"

"Sauran mi?"

"Motar. Wagga ai rabi ta. Turawa sun yanke gindin sun riƙe, sun aiko muku da kai."

"Haka anka yi ta. Yayi na."

"Barkono dai. Ga ja, ga ƙanƙanta, ga sa mutum kuka."

"Tana da esi."

"Mi na esi?"

"Sanyi. In ka danna nan sai shi hito."

"Sanyi za ki saye da kuɗɗinki? Ni da nik kwashe shi kyauta cikin gulbi tun ina yaro? Ga shi nan cike da gwiwata, taho da kwano ki ɗiba."

Na ajiye gora, na buɗe gaban motar, na saurari injin, na ce a gaskiya lafiyarsa lau. Babu wanda ya juyo. Na maimaita da ɗan ƙarfi, Obumneme ya ce mini sannu, ya miƙo mini kujera.

Tsoho ya riga ya yi gaba. Can ƙarshen fili, ƙarƙashin dogon yaro, akwai wata ruwan toka mai ƙofa huɗu, ga ta biyar a baya da taya goye a jikinta. Gefenta ya ɗan lotsa, tayoyinta sun suɗe, tsuntsaye sun yi mata ado a ka. Ya buga ta da tafin hannu ya kasa kunne, yadda yake yi wa kwalekwale.

"Yawwa. Ga mota mai mutunci."

"Wagga? Ai sa'arka ta, Ango. Tare anka yaye ku."

"Shi yas sa ta san girman mutane. Dubi ƙugu. Dubi tsawon ƙahwa."

"Dubi kumatu sun lotsa, awa naka."

"Nawa tauna kihi tal lotsa su. Naki da sunka cika mi sunka taɓa tsinanawa?"

Mubina ta juya wurin Obumneme. "Oga Obum, hwaɗa mai gaskiya, ko ya bar ni in huta."

Mutumin ya tsaya tsakanin motocin biyu ya haɗa hannu. "Gaskiya ɗaya ta, Malama. Ja ta hi yarinta, injin nata shiru, ba ta shan mai sosai. Yadda mai ka wuya yanzu, wanga ba ƙaramin abu ba na. Amma in wani abu nata ya lalace sai na aika Legas, ki jira. Waccan tsohuwa ta hi ta shan mai kaɗan, kuma tana son taya. Sai dai ba bakaniken da bai san cikinta ba, kayanta ko a kasuwa an zuba. Kuɗɗinta kuma bai kai na ja ba, za ki samu canji."

"Ka ji? Ba ta shan mai," in ji Mubina.

"Kin ji? Za ki samu canji," in ji tsoho. "Ki sai ma mijinki kilishi."

"Da wane haƙori?"

"Tsotsa ni ka yi. Kuma hwaɗa mini, ran da anka buga maki ƙohwa a ƙauyen can anka ce ga mai naƙuda, ta ina za ki sa ta cikin barkonon ga? Ta taga?"

Mubina ta ji maganar ta shige ta. Amma ba a kayar da ita da wuri.

"Ba motar asibiti niz zo saye ba. Tun da nik kama aiki, in ba kuɗɗin makarantar ƙanne ba, maganin gwiwar wani tsoho. Sau ɗaya dai in sayi abin da raina ka so."

"Wane tsoho na? Ashe kina da wani?"

"Wani rigimamme na, ba ka san shi ba."

"To a auna. In barkono ya ɗauki gora, na yi shiru har abada."

"Oga Obum, ka shaida. Har abada yac ce."

Aka buɗe bayan ja, na kinkimo gora. Ko fuskarsa bai shiga ba. Na juya shi, na karkata, na yi gumi, motar ta ce ba ta san zance ba. Tsoho yana tsaye yana kaɗa kai irin na mai ta'aziyya.

Muka koma wurin ruwan toka. Obumneme ya buɗe ƙofar baya, ya kwantar da kujeru. Wannan karon tsoho da kansa ya matso, ya dafa goran, yana gaya wa iska cewa a ɗaga nan, a sassauta can. Ina turawa sai na ji ya wuce, ya zauna daram a ciki.

"To," in ji tsoho. "Gora ya yi magana."

"Gora ba shi ad da kuɗɗi ba," in ji Mubina. "Mun gani, ya shiga, Allah shi ba shi lada. Baffa, hid da shi mu koma wurin ja."

Na kama bakin goran na jawo. Ya zo ƙofa ya tsaya. Na sake ja, cikinsa ya cije da ƙarfen ƙofar hagu da dama. Obumneme ya shiga ta gaba yana turowa ina ja, sai muka ji tsohon ɗinkin nan ya yi ƙara, ƙas. Nan take na sake shi.

"Abin da yash shiga ai ya hita," in ji Obumneme, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba.

Muka gwada ƙofofin gefe, sun yi kaɗan. Aka kawo ruwan sabulu aka shafa, goran ya ƙara santsi kawai, ya kuɓuce mini na zauna a ƙasa. Obumneme ya ce ko an kwance kujeru ƙofar ba za ta ƙara faɗi ba. Masu wucewa suka fara tsayawa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kira mai walda, tsoho ya ce duk wanda ya kawo wuta kusa da goransa sai dai su haɗu gaban alƙali.

"Ka ga abin da kaj ja muna?" in ji Mubina. "Mutum da girmanai, ya zo ya cusa ƙwarya cikin dukiyar mutane."

"Ni nic cusa? Wancan yac cusa."

"Kai kab ba da umurni."

"Iska niy yi ma magana. Laihina na in ya ji?"

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga inda maganar ta tsaya. Ko a fasa gora, ko a sayi mota. Mubina ta waiwaya ta dubi ja, ta dawo ta dubi ruwan toka.

Tsoho ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya gyara tsayuwa, ya juya sandarsa ya riƙe ta ta ƙasa, kan mai nauyi yana sama.

"Amarya, ja ki ka so, na gani. Kuɗɗinki na, guminki na. Gora kuwa duma yah haihe shi, ba uwa ba. Wa ma zai koma hawa nai? Gulbi ya manta da ni tuni. Ku kauce in hwasa shi, a share ma Ibo motatai."

Ban taɓa jin ya ambaci gulbi da irin wannan murya ba. Shekaru muna gida ɗaya, ina kai masa tuwo, ina saya masa magani, ina ganin na sauke nauyi, ashe mutumin kewar ruwa ke cin sa, kuma ba ni zai iya gaya wa ba. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ya ɗaga sandar sama, wannan da idona na gani.

Mubina ta kama sandar a sama.

"Aje ta. Na gane wayonka. So ka kai ka hwasa gora, gobe in na tambayi sadakina ka ce ba kayan aiki."

"Sake mini sanda, ɗiyar nan."

"Ba ni saki. Giwan ruwa kac ce, gaban shaidu, ina cikin zanen goyo. Ba ka mutuwa da shi, ba ka kuma hwasa gora." Ta juya. "Oga Obum, nawa kac ce tsohuwag ga?"

Obumneme ya share gumi, ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka.

"Ai yanzu ta ƙara kuɗɗi, Malama. Ɗazu mota ta kawai. Yanzu mota ta da gora."

"Ragewa za ka yi. In nij juya nit tahi, wa za ka sayar ma mota da ƙwarya a ciki?"

"Sai in kai ta Argungu ran biki, masunta su yi layi."

"Wagga ruɓaɓɓa?" in ji tsoho, ya buga mata sanda a taya. "Dubi gehe ya lotsa. Dubi taya awa kan wancan. Ko kyauta anka ba ni sai na yi shawara."

Na shafa sanƙona.

"Haba Baba," in ji Obumneme. "Ɗazu kac ce mai mutunci ta."

"Ɗazu ba mu ka saye ba."

Nan fa Ango da Amarya suka haɗa kai, abin da ban taɓa gani ba. Ta taya, Obumneme ya ce albarka. Tsoho ya gano tsatsa a inda babu tsatsa. Ta ce fitila ɗaya tana kanne ido, ya ce ai duk motar haka take, tsufa ne, shi ya san ciwon. Obumneme ya rantse da Hausa, ya rantse da harshensu, ya ce za su sa 'ya'yansa su kwana da yunwa, tsoho ya ce a turo su gidan wancan su ci tuwo. Daga ƙarshe ya rage abin da ya rage, ya ɗora mata tayoyi masu sauran rai, ya ce ya sallama, amma don Allah ranar da za a sake sayen mota a bar Baba a gida.

Da za mu tafi Mubina ta bi ta wurin ja, ta ɗan dafa ta, ta wuce ba ta waiwaya ba. Har aka gama cinikin nan babu wanda ya tambaye ni ko launin taya.

Kafin a gama takardu a sa lamba, goran yana nan cikin mota. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa gaisuwa, har 'yan unguwa suka sa mata Malama mai gora. Kullum da safe tsoho zai fito da sanda ya leƙa ta gilashi.

"Kin ba shi ruwa?"

"Na ba shi shayi da burodi. Ya ce a gaishe ka."

Ranar wata Asabar da hantsi ta yi hon a ƙofar gida. "Ango, hito. Za ni ganin wurin aiki, kuma ina son a rage mini kaya a hanya."

Bai tambayi wace hanya ba. Sai ga shi da tsohuwar rigarsa ta su a ƙarƙashin babbar riga, da homarsa biyu a hannu, wato tarunan nan na hannu da na ɗauka asu ya cinye tuni. Ya shige gaba ya harɗe. Ni aka tura baya, na raɓa a gefen gora, da 'yan ƙarafan da Obumneme ya ara mini ko za su yi amfani wurin ɓamɓare robar ƙofa.

"Taka ta mana. Jaki ya wuce mu."

"Ya gane ka na, gaisuwa yaz zo yi."

"Wa yab ba ki lasin? A kai ni in gan shi."

"Wanda yab ba ka na surutu."

Muka wuce Ambursa, muka wuce masu albasa a bakin hanya. Tun daga inda shinkafa ta fara bayyana hagu da dama tsoho ya rage magana. Ya sauke gilashi, ya fitar da hanci yana shaƙar iska. Mubina ta dube shi ta gefen ido, ta bar shi.

Da muka iso Argungu ba ta shiga gari ba, ta saki kwalta ta bi wata hanyar fadama da ke gangarawa gulbi can ƙasa, inda ba a hana kamun kifi. Hanyar duk laka ce da sawun shanu. Motar ta nitse, ta yi gurnani, ta watsa taɓo, ta fita.

"Barkono da nan za a binne ta," in ji tsoho.

"Direba ta iya dai."

"Mai zaɓe ya iya."

Muka tsaya a bakin ruwa. Na fito na naɗe hannun riga, na zazzage ƙarafana a ƙasa, na buɗe ƙofar baya ina bismilla. Tsoho ya zagayo yana ɗingishi.

"Amarya, hwaɗa ma wancan shi kauce."

Na kauce. Ya jingina sandarsa, ya sa hannu biyu ya mirgina goran har ɗinkin ya dawo sama, ya karkata bakinsa hagu, ya ɗan jawo. Goran ya sulluɓo ya faɗo masa a ƙirji, ko ƙarfen ƙofa bai taɓa ba. Ashe ba kewayayye ba ne sosai, yana da gefen da ya fi siranta, kuma mai shi ya san gefen.

Na tsaya baki buɗe. Na tuna ruwan sabulu, na tuna zaman da na yi a ƙasa gaban jama'a. Tsoho ya rungume goransa yana kallon Mubina, yana jiran ihu. Ita kuwa tana jingine da mota tana ɓare gyaɗa.

"Ba ki ce komi ba?"

"Mi za ni cewa?"

"An cuce ki, yarinya. An raba ki da barkono da rana tsaka."

"Ango, ƙohwar ɗakin marigayiya Kaka ta hi wagga matsi. Kullum sahe ina bakin murhu ina kallon ka, ka juya ɗinki sama, ka karkata baki hagu, ka hito da shi. Ka ɗauka ɗumame kaɗai ni ka kallo?"

"Kin sani?"

"Tun kana ɗaga sanda."

"To mi yas sa kib biya?"

"Ja ta hi kyau, har gobe. In na gan ta a hanya sai raina ya sosu. Amma ba ta ɗaukar ka da kayan rigimarka. Kuma da nic ce maka taho in kai ka gulbi, cewa za ka yi ba ka marmarin ko'ina. Sai nib bari ka sace abinka da hannunka."

Tsoho ya dube ta, ya dubi gora, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna a bakin motar, har tari ya sarƙe shi, yana share ido da hannun riga. Ban tabbata duk hawayen na dariya ba ne, kuma har yau ban san abin da zai yi da sandar nan ba da ba a riƙe ta ba.

"An ci ni," in ji shi. "Ɓarawo ya shiga gidan uwar ɓarayi. Kin ci, Amarya."

"A rubuta, Baffa. Yau Ango ya ce an ci shi."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa mata. Na ɗauki goran na kai masa shi bakin ruwa, ya shiga a hankali yana dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Da ruwa ya kai masa cinya sai ya kwanta a kan goran, ya karɓi homarsa, ya tura ƙafa. Gwiwar da ta hana shi hawa dakalin masallaci ba ta ce komai ba a cikin gulbi. Wasu masunta a can tsallake suka tsaya suna kallo, ɗaya ya ɗaga murya yana tambaya ko Tamba ne, tsoho ya amsa masa da zagin da ya nuna sun san juna tun suna yara.

"Kar ka yi nisa," in ji Mubina. "Ba ni da kuɗɗin takaba."

"Shirya wuta dai. Ki hwaɗaɗa ta, abin da za ni kawowa babba na."

Ya daɗe a ciki. Mu muna zaune a inuwar mota, tana ba ni gyaɗa. Da ya gaji ya dawo gaɓa, na taimaka masa ya miƙe. Ya zura hannu cikin gora har kafaɗa, ya yi ta lalube, ya yi nishi irin na mai jawo kaya, sannan ya fito da wata 'yar gargaza da ba ta cika tafin hannu ba.

"Ga sadakinki."

"Wanga na giwan ruwa?"

"Shi na. Yarinta ka damu nai. In kin yi haƙuri ya girma."

Mubina ta gyara mayafi, ta durƙusa a cikin laka, ta karɓa da hannu biyu.

"Na karɓa, Ango. Amma kahin alƙalami na. Duk Asabar sai ka zo ka ƙaro."

"In direba ta iya tashi da wuri."

Ya juya mana baya yana kallon ruwa, yana matse gefen rigarsa. Can sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "In kin gasa, ki ba wancan kan. Shi yaɗ ɗauko gora."

A nan bakin gulbi ta hura wuta ta gasa shi. Kan bai kai babban yatsana ba. Na cinye shi har ƙaya.